Sista Matta da uwar da ta kau da kai

Kafin manoma su gangara gonakin rani na Bakolori, Sista Matta Bitrus ta riga ta buɗe asibitin sha-ka-tafi da ke gefen Birnin Tudu. Takan dafa allurai, ta share baranda, sannan ta bi benci tana gaida masu jira, har da ban gajiya da tambayar mutan gida. Abokan aikinta kan yi mata tsiya cewa mara lafiya ya warke kafin ta gama gaisuwa. Ita kuwa a nan take gane wa ya zo da wa, wa kuma ba zai iya buɗe baki ba saboda wanda ke zaune kusa da shi. A watan nan ta yi ritaya.

A shekarun da aka fara sakin ruwan dam, sauro ya samu gida, zazzaɓi ya yi ta ɗibar yara. Wata safiya Inna Gimbiya ta zo da jikarta a goye, matar ɗanta Taiba na biye da ita.

"Haƙora ka hito mata, Sista," in ji tsohuwar. "Ba ta da komi. A ba mu na ɗorawa bisa harshe mu tai gida."

Taiba ta zauna can ƙarshen benci, ta kau da kai kamar ba ita ta haifa ba. Wani ma'aikaci ya yi tsaki, ya ce uwayen yanzu ba su da tausayi. Matta ba 'yar ƙasar ba ce, amma ta san kunyar 'yar fari: uwa ba ta kiran sunanta, ba ta nuna damuwa da ita a gaban manya, balle surukarta. Ta kuma ga yadda Taiba ke murɗa bakin zanenta.

"Inna, na ga kina dafe gwiwa," ta ce. "Kawo yarinyar, ki shiga a duba ki. Ba ma barin babba da ciwo."

Tsohuwa ta shige tana sa albarka. Matta ta juya wa Taiba baya, ta hau wanke hannu.

"Da ƙanwarki ce wannan, me za ki gaya mini?" in ji Matta.

Taiba ta matso kusa.

"Ta shiɗe jiya," ta ce. "Idanu sun kakkahe. Ko nono ba ta kamawa. Sista, tsoro nikai."

Nan take aka yi wa yarinyar allura, aka tsayar da motar albasa mai zuwa Talata Mafara don a kai ta babban asibiti. Da Inna Gimbiya ta fito, Matta ba ta yi mata ƙarya ba, ba ta kuma tona Taiba ba. Cewa ta yi, "Inna, abin ya wuce haƙori. Kin kyauta da kika kawo ta da wuri." Sai bayan rasuwar tsohuwar Taiba ta ba da labarin da bakinta.

Sista Matta, ke ce mai jin maganar da ba a faɗa ba. Ba ki raina al'adar mutane ba, ba ki kuma bar ta ta ci rai ba. Mun gode, Allah Ya saka da alheri, Ya sa ki huta lafiya.

Ku kuma masu sabon farin kaya, kafin ku yanke wa uwa hukunci don ta yi shiru, ku dubi wanda ke zaune kusa da ita. Har yau Taiba ba ta kiran sunan 'yarta. Amma 'yar tana nan da ranta a Dosara, da nata 'ya'yan, kuma idan uwar ta ce "Ke!" tana amsawa.