Ikrima Mai Madara da Fok ɗin Kekensa

Ikrima ɗan Paki ne, kuma ba da keke ya fara neman abinci ba. Acaɓa yake yi tsakanin Paki da Ikara, har ranar da akuya ta gitta masa a kwana, ya faɗi ya karye a wuyan hannun dama. Mai ɗori ya ɗaure, ƙashi ya kama, amma hannun bai koma daidai ba. Kafin ya warke mai babur ya karɓe abinsa ya ba wani.

Masarar da ya noma ya sayar ya sayi keken gwanjo, irin mai giya da ƙatuwar taya da aka ce don hawan duwatsu aka yi shi. Kullum da sassafe sai ya shiga rugar da ke bayan gari ya karɓo madara a hannun Inna Mairo, wata dattijuwar Bafulatana da ke tattara ta matan rugar. Jarka biyu a baya, ɗaya a kariyar gaba, ya kai wa mai yin yogot a Ikara kafin rana ta ɗaga. In ya makara madara ta juya, asarar tasa ce. Da wannan yake ciyar da matarsa Mukarrama, da yaransu, da mahaifiyarsa.

Tsakiyar damina keken ya faɗa wani rami da ruwa ya ɓoye. Fok ɗin gaba, wato ƙafafun nan biyu da ke riƙe da taya, ya lotse, sifirin ɗin cikinsa ya tsinke. Ikrima ya tura keken a ƙafa har Ikara. Ko da ya isa madarar ta yi tsami, mai yogot ta ce in aka sake haka za ta nemi wani.

Ya wuce rumfar Baba Salman mai gyaran keke. Tsohon ya duba ya girgiza kai.

"Wannan ya gama aiki, Ikrima. Mai sifirin irinsa kuma ya fi ƙarfinka. Amma ina da guda biyu marasa sifirin da na samo a Zariya."

Ya ɗauko su daga ƙarƙashin benci. Ɗaya fari, sabo, na alminiyam. Ɗaya baƙi, na hannu, wanda da Ikrima ya ɗaga sai ya ji kamar kara ya riƙe.

"Baba, wannan fa?"

"Kabon ake ce masa. Ba ƙarfe ba ne, wani zare ne da aka haɗa da gam. Kuɗinsu kusan ɗaya. Gwada ka ji."

Baba Salman ya ɗaura masa farin, Ikrima ya hau ya zaga bayan kasuwa inda hanya ta farfashe. Kowane dutse sai ya ji shi a cikin karayar, ya dawo yatsunsa sun mutu. Aka ɗaura baƙin. Wannan karon girgizar ta ragu sosai, keken ya yi sakayau, har ya sake zagawa don kawai ya ƙara jin daɗin.

"Shi nake so, Baba."

"Tsaya tukuna. Ba ya son a matse shi da noti, ga ka da kariyar gaba da jarka. Kuma gwanjo ne, ban san irin faɗuwar da aka yi da shi a can ba. Farin in ya gaji yakan nuna alama. Wannan kuwa tsagarsa a ciki take, kana cikin gangara zai karye, ka kifa da fuska."

"In na cire jarkar gaba, abin da zai rage ba zai kai mu ba. In na ɗauki farin, hannuna zai tafi. To yaya zan yi?"

"Ni dai na faɗa maka abin da na sani."

Ikrima ya zauna a kan wata tsohuwar taya, fok ɗin biyu a gabansa, har aka kira azahar. Ya yi salla, ya ari waya ya kira Mukarrama ya zayyana mata komai. Sai ta ce, "Baban Firdausi, na yi jinyarka sau ɗaya, na san yadda gidan nan ya zama. Ciwon hannu zan iya gasa maka kullum. Faɗuwa ce ba zan iya ba."

Ya ɗauki farin.

Abin ya fi yadda ya zata muni. Ya naɗe kan keken da tsohon tif na taya, ya rage iskar tayar gaba, duk da haka kafin ya fito daga hanyar ruga hannun ya kumbura. Yakan tsaya ya tsoma shi a kududdufi, yana kallon rana tana hawa. Wata safiya yatsun suka ƙi matse birki, ya shige gonar dawar mutane, jarka ɗaya ta fashe. Ya zauna cikin taɓo yana kallon madara tana bin kunya, ya yi kuka kamar ƙaramin yaro.

Washegari Inna Mairo ta ga yana ƙoƙarin ɗaure jarka da hannun hagu da haƙori.

"Ɗana, miƙo hannun nan."

Ta jujjuya shi, ta tambaye shi wane wuri ne a hanya ya fi wahalar da shi. Ya ce daga ruga zuwa bakin titi. Da ya zo kashegari, sai ya tarar da ita da wasu mata uku zaune gindin wata ɗorawa a bakin titi, sun sauke ƙorai, sun kawo madarar a ka. Ta ce dama wasunsu hanyar kasuwa suke bi, amma fa ranar da aka kwana ana ruwa ba za su iya ba, sai dai ya shigo da kansa.

Haka ake yi har yanzu. Hannun bai warke ba, likita a Ikara ya ce yana buƙatar hutu, Ikrima ya yi murmushi kawai ya fito. Duk safiyar da ya tashi, kafin ya taɓa keken sai ya leƙa ƙasar tsakar gida ya ga ko a jiƙe take.