Albarkar Madina

Jiya a kasuwar Gummi na taya wata darduma, mai kaya ya kau da kai ya ce, "Albarka." Sai na kama dariya ni kaɗai, don Inna ce ta faɗo mini a rai.

Inna ko allura ba ta saye sai ta ja ciniki. In mai kaya ya ce albarka, wato bai sallama ba, sai ta gyara mayafi ta yi gaba har a kirawo ta.

Shekarar da na raka ta aikin Hajji, muka shiga wani shago a Madina mai ƙamshin turaren wuta. Ta shafa wata koriyar darduma mai laushi, ta taya da yatsu. Balarabe mai shagon ya yi murmushi ya ce, "Mabruk, Allah yubarik!"

"Albarka yac ce? To shi riƙe abinai!" Ta fice.

Na bi ta ina cewa, "Inna, ya fa sallama, addu'a yake miki." Ko waiwayowa ba ta yi ba. Sai ga bawan Allah da gudu, darduma a kafaɗa, har da gyaran carbi.

Inna ta dube ni. "Ka gani? Ko nan sai an yi musu tahiya."

A kan dardumar nan take salla har ta bar duniya, ba ta kuma taɓa yarda da fassarata ba. Allah ya jiƙanta, ya sa albarkar da ta tarar can irin ta Madina ce, wadda ake biyo mutum da ita da gudu.