Rikodar Sama'ilu

Ranar Talata, ƙarfe bakwai na safe, Sama'ilu ya sha koko a tsaye. Ɗana ne na biyu, shekararsa ashirin da shida. Yana da shago a Kazaure inda yake zuba wa mutane karatu da waƙoƙi a memori.

Ƙarfe takwas na ji shi a ƙofar gida da wani direba mai son waƙa dubu a ƙaramin memori.

"Maigida, in na matse su haka, kalangu zai koma bokiti."

"Kai dai zuba, kunnenka ne?"

"Sunana ne. Gwada wani shagon."

Haka yake. Ya sha gaya mini cewa matse sauti zubar da wani ɓangarensa ne. In lambar ingancin sauti tana ɗari da ashirin da takwas, kunne ba ya gane abin da aka zubar. A talatin da biyu kuwa, muryoyi sai su narke, kuma abin da ya zube ba ya dawowa.

Ƙarfe tara ya karɓi ƙaramar rikodarsa a hannuna. Na are ta ranar Litinin don taron malamai mai tsawo, na sauke lambar zuwa talatin da biyu don taron ya shige duka. Ban mayar ba, ban faɗa masa ba. Shi ma bai duba ba, tunda daga hannuna ta fito.

Ƙarfe sha ɗaya ya ɗauki karatun walima a Roni. Ya jefa rikodar a aljihun ciki bai kashe ba.

Ƙarfe biyu mutum uku suka tare shi a hanya saboda babur. Sara biyu a ka, ɗaya a hannun da ya kare fuskarsa, haƙarƙari huɗu a karye. A nan ya cika. Sun tafi da babur da waya. Ba su laluba aljihun ciki ba.

Minti shida ne abin a cikin rikodar. Na saurare shi sau goma sha ɗaya. Ana jin saukar gora sarai. Ana jin su suna magana, har ɗaya ya yi dariya, amma kamar daga ƙarƙashin ruwa.

An kama mutum biyu. A kotu aka kunna sautin ga wani mai shayi da ya san su tun suna yara. Sau uku ya saurara.

"Ranka ya daɗe, ba zan rantse a kan wannan ba."

Aka sake su.

Na kai sautin Kano wurin wani masani ko zai gyaru. Ya cire abin kunne ya ce, "Alhaji, babu abin da zan tono. Wa ya saita wannan?"

Na ce ni ne.

Bayan arba'in mahaifiyarsa, Dela, ta raba tufafinsa. Kwamfutar da lasifikan shago muka ba abokinsa Lauwali. Rikodar tana cikin durowata. Na mayar da lambar zuwa ɗari da ashirin da takwas kafin na ajiye ta.