Labbo da Jajayen Ƙwarin Garkar Lemo

Duk wanda ya san Aliero ya san albasa, duk wanda kuma ya san kasuwar albasa ya taɓa jin muryar Labbo, ko da bai so ba. Mutum ne da ya tashi cikin albasa, ya tsufa cikinta, har ya ɗauka duk abin da Allah ya tsirar a ƙasa albasa ce da ta sake kama. Iya noma kam ya iya, ban hana masa ba. Jin magana ne Allah bai ba shi ko na ƙwayar gero ba.

Ƙanensa Sa'idu ya rasu ya bar mace, Zinatu, da yara ƙanana, da garkar lemo a fadamar Jandutsi, iyaka da tawa. Lemon aure ne, irin wanda ake ɗaura reshen wani itace a jikin wani, Sa'idu ya yi shekaru yana ɗauko masa ruwa, ya kuwa tafi a shekarar da itatuwan za su fara haihuwa. Abin da marayun suka mallaka ke nan duk duniya. Dangi suka zauna suka damƙa wa Labbo riƙon garkar, wai shi ne babba. Gemu dai aka duba.

Da ruwan farko ya sauka, lemo ya yi toho ya fid da fure, sai darɓa ta zo kamar yadda take zuwa kowace shekara: 'yan mitsi-mitsin ƙwari da ke lafewa bayan sabon ganye suna tsotsa har ya nannaɗe. Bayanta kuma sai ga jajayen ƙwarin nan masu ɗigon baƙi a baya, waɗanda darɓar ce abincinsu. Mu masu lemo mukan bar su su yi aikinsu, kafin damina ta yi nisa sun share ta.

Labbo ya zo ya ga ganye a nannaɗe, ya ga jan ƙwaro zaune a kai, shi ke nan ya gama shari'a. Darɓar ba ta cika masa ido ba, ta yi ƙanƙanta. Ya tara mutanen gidansa da gwangwanayen kananzir, suka bi itace bayan itace suna tsince jajayen ƙwarin da hannu, yadda ake yi wa ƙwaron da ke cin kan gero.

Na leƙo ta kan shinge na ce masa, "Labbo, dogaranka na kaka kashewa hwa! Su aka canye darɓa."

Ko ɗago kai bai yi ba. Ya ce, "Ni za a gwada ma ƙwaro? Tun ba a haihe ka ba nika yaƙi da su."

Da ya gama tsinta sai ya ɗauko famfon feshin albasarsa, ya bi garkar da magani duk mako, da tsakar rana, fure na buɗe. Zuma ta daina zuwa. 'Yan jajayen da suka tsira daga gwangwani suka mutu. Darɓa kuwa, da yake a cikin naɗin ganye take, ta sami gari babu mai tsaro, ta hayayyafa son ranta. Ganye ya yi danƙo, ya yi baƙi kamar gindin tukunya, fure ya zube ƙasa. Raina ya ɓaci ƙwarai, don na ga wahalar da Sa'idu ya sha a kan itatuwan nan.

Kuna tsammani ya yi nadama? Ina! Cewa ya yi ƙasar ce ba ta karɓi lemo ba, marigayi ne bai yi shawara da manya ba. Da kaka ta yi ya sa gatari, ya share wurin, ya ja fangali ya dasa albasa.

Zinatu tana Katanga wurin iyayenta, ba wanda ya iya gaya mata. Da lokacin ɗiban lemo ya yi ta zo da babban kwando a ka, yaran na biye da ita. Ta tsaya bakin garka tana duban kututture, Labbo na ciki yana ba albasarsa ruwa.

Ta ce, "Yaya, ina iccen uban ɗiyan ga?"

Labbo ya karɓi kwandon yana fara'a, ya cika mata shi da albasa har ya yi tozo. Ta ɗaga, ta juye masa ita a kan ƙafafu, ta kama hannun ƙaramin ɗanta suka kama hanyar Katanga.