Ƙasar Sawun Jikata

Da jikata ta ce jami'arsu ta zaɓe ta cikin musayar ɗalibai da wata jami'ar mata zalla a Koriya, abin da na fara tambaya shi ne wa za a ba mu a madadinta. Ni tsohon direban tasi ne, karatuna bai wuce allon bakin titi ba, amma na san ba a musaya da hannu ɗaya. Ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce akwai wadda za ta zo, sai dai a Jidda za ta tsaya, tunda ba Musulma ba ce, ba ta shiga nan Makka. Na ce to an cuce ni, an ɗauke min amarya, an ajiye canjin inda ba zan gani ba.

Wasa nake yi, amma a baki kawai. Mahaifiyata ma da niyyar komawa ta baro ƙauyensu a ƙasar Katsina. Hajji kawai za ta yi. Ta sha ba ni labari cewa ranar tafiyar, uwarta ta durƙusa a ƙofar gida, ta ɗebi ƙasar sawunta ta ƙulle a tsumma, wai ƙasar za ta jawo ƙafar gida. A unguwar Tandabawi ta nan Makka ta tsufa, a nan muka binne ta.

Na san malamai ba sa son wannan, ɗana, uban yarinyar, ma haka. Ga shi gidanmu na unguwar Rusaifa siminti ne tun daga ɗaki har titi. Sai na je inda ake gini na ciko aljihu da yashi, na barbaza a bakin ƙofa da safen tafiyar. Surukata ta fito da tsintsiya, na ce maganin tururuwa ne.

Yarinyar ce ta gane, don na taɓa ba ta labarin. Hausarta gutsi-gutsi ce, rabi Larabci. Ta dube ni, ta cire takalmi ɗaya, ta taka.

"Ga shi nan, tsoho. Kar ka zubar."

Na ɗebi yashin sawun na ƙulle. Zangon karatu ɗaya aka ce. Ta kan kira ni ta waya in ga fuskarta. Ta nuna min ɗakin da aka ware musu na salla, da ƙawarta mai koyon ɗaura mata ɗankwali ba daidai ba. Wata rana ta juya wayar ƙasa, ga sawun takalminta cikin ƙanƙara fari fat. Ta ce in ɗebi wannan ma in na isa.

Da zangon ya zo ƙarewa, ta ce malamarta ta nemi ta ƙara shekara, ubanta ya yarda, saura ni.

"Me ka ce, mijina?"

Hannuna na cikin aljihu, a kan ƙullin. Na ce ta zauna mana, dama na gaji da girkinta.

Tun ranar, wadda ke faɗo min a rai ba jikar ba ce, ba kuma mahaifiyata ba. Kakata ce, tsohuwar nan da ban taɓa gani ba, a wani ƙauye da ban san hanyarsa ba. Ina so in san inda ta riƙa ajiye nata ƙullin, da ko ta taɓa kwance shi. Nawa dai yana aljihun riga. In za a yi wanki, ni nake fara lalubawa.