Sunan Tanti Rabi a Ƙarƙashin Hotunana

Wata Asabar ce cikin watan Yuli na shekarar 2007, ina da shekara goma sha ɗaya, na fara ganin teku da idona. Mun sauka wani ƙauyen masunta a yankin Bretagne, ni da Tanti Rabi, ƙanwar mahaifiyata. Ruwa ya janye da safen nan, ya bar jiragen kamun kifi kwance a karkace kan laka, iska tana kawo ƙarni da gishiri. Can kan wani dutse akwai tsohon coci, bai fi zauren gidan mai unguwa ba, gansakuka ta cinye bangonsa. Tanti ta zube a kan benci tana fama da jirin doguwar tafiya, ta rataya mini na'urar hotonta, wadda muke kira aparai, ta ce in je in yi wasa. Na tuɓe takalmi na taka laka har gindin dutsen. Sai wata tsohuwa mai baƙin ɗankwali ta fito daga cocin, ta dafa ƙofa tana kallon ruwa. Tsayuwarta sak ta kakata a ƙofar gidanmu na Zinder idan tana jiran awaki su dawo daga kiwo. Na riƙe numfashi kamar yadda aka koya mini, na danna.

A Rillieux-la-Pape muke zaune, arewa da Lyon, a hawa na tara na wani dogon bene. Baba yana aikin lodin kaya a wani babban sito, Inna kuma tana yi wa matan unguwa kitso a falo. Ni ce babba, don haka wanke-wanke nawa ne, da tsince busasshen zogalen da ake aiko mana daga gida, da raka ƙannena biyu lakkol, wato makaranta, kafin in wuce ajinmu. Ranar da asansar, na'urar hawa bene, ta lalace, kuma ba ta cika yin wata lafiya ba, da ƙafa muke hawa da buhun shinkafa, muna hutawa a hawa na huɗu inda wata tsohuwa 'yar Aljeriya take ba mu dabino. A dandalin ƙasa muke zana gala-gala da allin da muka ɗebo daga aji, na koya wa 'yan matan Larabawa carafke da tsakuwar lambu, su kuma suka koya mini zagi da yarensu.

Cikin wannan rayuwa Tanti Rabi ta faɗo mana daga Zinder, ta zo karatun ɗaukar hoto. Ɗaki ɗaya muke kwana, ni a gadon sama, ita a ƙasa. Ta mayar da banɗakinmu wurin wanke hotuna: ta toshe taga da baƙin zane, ta ɗaura jan ƙwan lantarki, ta jera robobin magani cikin bahon wanka. Baba yakan tsaya a ƙofa da buta yana ƙwanƙwasawa, yana cewa, “Rabi, a taimaka wa bawan Allah ya yi alwala kafin hotuna su nuna.” Ran Lahadi takan ja ni cikin tsohon garin Lyon mu shiga coci-coci, ta nuna mini yadda haske yake ratsa gilashi mai launi ya zuba a ƙasa. Ba a jima ba matan da ke zuwa kitso suka fara tsegumi, wai ɗiyar Malam Issufu, ni ke nan, ta koma yawon coci. Da maganar ta kai kunnen Baba, Lahadi na zuwa sai ya saka hularsa ya bi mu. Ya daɗe tsaye yana duban rufin, ya ce wanda ya aza waɗannan duwatsu ya san aikinsa. Daga ranar duk wanda ya kawo masa zancen sai ya ce, “Kallon gini ba ya karya alwala.” Shi ya ɗauki jakunkunanmu har tasha ranar da za mu tafi bakin teku.

Hutu uku a jere muna zuwa gaɓar teku, yau wannan ƙauye, gobe wancan. Tanti ta ware mini fim nawa daban. Duk hoton da na ɗauka sai in manna ƙaramin kofinsa a wani kaye, wato littafin rubutu, mai shuɗin bango, in rubuta abin da ya zo mini a rai da Faransancin 'yar firamare. A ƙarƙashin hoton tsohuwar nan na rubuta cewa duk garin da ka je akwai tsohuwa a bakin ƙofa tana jiran wani. Da Tanti ta karanta sai da ta share hawaye, ta ce ina da ido. Da za ta koma Paris da zama, ta roƙe ni aron kayen da fina-finan, za ta nuna wa malaminta. Na naɗe su cikin ɗankwalin Sallata na miƙa mata da hannu biyu.

Ina da shekara goma sha biyar ta aiko mana goron gayyata: za a baje kolin hotunanta a wani zaure kusa da unguwar Goutte d'Or a Paris. Inna ta yi dambun nama cike da roba, Baba bai samu hutu ba, ya ba da turare a kai mata. Muna shiga zauren na yi arba da hoton tsohuwar nan, an buɗa shi ya kai girman ƙofa. Na matsa kusa, ga maganata nan a ƙasa, ko waƙafi ba a canza ba, sai dai sunan da ke biye da ita na Tanti ne. Na bi bangon nan kaf, fiye da rabin hotunan nawa ne. Na duba ƙasidar da ake rabawa gaba da baya, ko a layin godiya babu sunana, Halima.

Da a nan abin ya tsaya, da wataƙila na haɗiye. A bakin ƙofa akwai dogon rubutu da ta yi kan rayuwarta. Ta ce ta zauna a gidan wani suruki mai tsaurin addini wanda ya haramta hoto, a ɓoye take wanke aikinta, kuma satar jiki take yi ta gudu bakin teku ita kaɗai don ta sha iska. Inna ba ta karanta Faransanci. Ta riƙo hannuna tana murmushi, ta ce, “Karanta mini, me ƙanwata ta ce?” Na dubi rubutun, na dubi robar dambun da ke hannunta. Na ce, “Ta ce tana gode wa Yaya da mijinta da suka riƙe ta.” Inna ta ce, “Allah sarki, Rabi.”

Na samu Tanti a lungu tana gyara gyale. Na tambaye ta ina sunana, kuma me Baba ya yi mata. Ba ta ko sunkuyar da kai ba. Ta ce aparai nata ne, ita ta koya mini, ni dannawa kawai na yi. Game da Baba kuwa ta rage murya ta ce, “Ke yarinya ce, Halima. Mutanen nan ba sa tsayawa kallon hoto sai da labarin wahala.” Wani Bature ya kira ta, ta juya da fara'a ta bar ni tsaye.

A jirgin komawa Lyon na kafe ido a taga. Mun yi nisa kafin Inna ta ce, ba tare da ta dube ni ba, “Rubutu mai tsawon zane, fassararsa layi ɗaya? Ba sai kin faɗa mini ba, na karanta a fuskarki. Abu ɗaya nake roƙo, kada Babanki ya ji.” Bai ji ba. Har ya koma ga Mahaliccinsa yana nuna wa baƙi ƙasidar nan, yana cewa a banɗakinsa aka fara wannan aiki.

Yanzu an rushe benen namu, ni kuma ina aikin jinya a Lyon. Tanti takan kira duk Sallah, mu gaisa gaisuwa mai tsawo, ta tambayi gida da aiki da yara, in amsa da ladabi don darajar Inna, kayen kuwa har yau ba wanda ya ambace shi. A da nakan miƙa duk abin da nake so ga wanda nake so ban tambayi ranar dawowarsa ba. Yau ɗiyata Safiya tana zane, kuma kafin takarda ta bar teburin sai na sa ta rubuta sunanta a ƙasa da biro. Tana yi mini dariya, ni kuwa ina kewar yarinyar da ba ta san amfanin yin haka ba.