Bencin Inna Mai Sikeli

Ƙarfe bakwai na safe takan buɗe ɗakin awon jarirai, ta goge sikeli da tsumma, ta jera katuna, sannan ta jawo wani dogon bencin katako ta ajiye dab da teburinta. Shekara talatin da ɗaya haka take yi, har sunanta na yanka ya ɓace, kowa Inna Mai Sikeli yake ce mata. Aikin da aka ɗauke ta dominsa bai wuce ta ɗora yaro, ta karanta lamba, ta rubuta ba. Amma ita tana da dokarta: duk jaririn da nauyinsa ya tsaya wuri ɗaya wata biyu, uwarsa ba za ta fita ba sai ta zauna a bencin nan ta ba shi nono, Inna na kallo.

Abin da take nema ba ɓoyayye ba ne. Yaro ya kama nono, ya ja sau uku ya saki yana haki kamar wanda ya yi tsere. Zufa ta tsattsafo masa a goshi alhali ɗakin da sanyi. Leɓensa ya yi shuɗi-shuɗi. In ta ga haka ba ta ambatar cuta, don ta san ita ba likita ba ce. Katin take ɗauka, ta kama hannun uwar, ta kai ta ɗakin likita da ƙafarta, ta tsaya ƙyam har sai an saurari ƙirjin yaron.

A kan wannan aka ba ta takardar gargaɗi har sau huɗu. Wai tana jinkirta layi, wai tana shiga sharo ba shanu. Waɗanda suka sa hannu a takardun ba su taɓa tambayarta dalili ba, kuma wannan rashin tambayar shi ya fi komai ciwo. 'Yarta ta fari ta rasu tana wata bakwai, da zufa a goshi, aka ce nonon Inna ne ba shi da kyau. Ta yarda, ta ɗauki laifin shekara tara, sai ranar da ta ji wani likita yana yi wa wata uwa bayanin hujin da ake haifar yaro da shi a zuciya. Ta koma ɗakin awo ta kulle ƙofa ta yi kukan da ba ta yi ba ranar jana'iza. Washegari ta jawo benci.

Shekara shida da suka wuce wata matar bakanike ta zauna a kansa da jaririya 'yar wata huɗu. Likita ya saurara, ya rubuta takardar zuwa babban asibiti. Mako biyu shiru. Inna ta duba adireshi a kati, ta tashi daga aiki ta nufi gidan. Ta tarar da uwar a bakin ƙofa, ido ya kumbura.

"Inna, maigida ya ce ba inda za mu. Wai ciwon zuciya na tsofaffi ne. Uwarsa kuma ta ce nonona ne."

"Goya ta, ki biyo ni," in ji Inna.

Suka same shi a gareji, ya baje injin ban ruwa a ƙasa, hannu duk baƙin mai. Ya gaishe ta a daƙile.

"Ɗana, me ya samu injin nan?"

"Huji ne a ciki, Inna. Yana ta wahala, yana zafi, ruwan da yake turawa bai kai ya kawo ba."

"In ka ƙara masa mai zai warke?"

"Ina fa. Sai an buɗe an toshe."

"To ai sabo ne, ba tsoho ba."

"Wani daga kamfani yake zuwa da matsalarsa."

Inna ta kwance jaririyar ta miƙa masa. "Goge hannunka. Kai da kunnenka kake cin abinci. Sa shi a nan ka gaya mini ko nono ne."

Ya kara kunne a ƙirjin 'yarsa. Waɗanda ke garejin sun ce ya daɗe bai ɗago ba, da ya ɗago kuwa bai iya kallon matarsa ba. Da safe shi ya riƙe takardar suka nufi babban asibiti. Aka yi wa yarinyar aiki kafin ta cika shekara, Inna tana zaune da uwar a baranda tun shigarta har fitowarta.

Watan jiya Inna ta yi ritaya. Aka yi taro, aka yi jawabai, aka yabi wanda ya ba da fenti da wanda ya ba da fanka. Ita aka kira ta a ƙarshe cikin "sauran ma'aikata". Abin takaici bai tsaya nan ba: kafin mako ya zagayo an fitar da bencin, an jingine shi bayan ɗakin ajiya ruwan sama yana dukansa, don layi ya yi sauri. Layi kuwa ya yi sauri. Yara nawa suka wuce cikinsa da zufa a goshi, Allah kaɗai ya sani.

Inna, ke ce idon da ba a ɗauka aiki ba amma ya yi aiki. Ke ce kika sauke wa iyaye mata laifin da ba nasu ba, bayan ke ba ki samu mai sauke miki ba. Kin sha faɗa kin haɗiye, washegari kin sake jawo benci. Allah ya saka miki, ya haɗa ki da 'yarki a inda babu haki.

Labarin bencin ya kai gareji. Ranar Litinin sai ga bakaniken nan da sabon benci na ƙarfe da ya haɗa da hannunsa, 'yarsa mai shekara shida tana tsalle a gabansa, tabon aiki na leƙowa ta wuyan rigarta. Bai nemi izinin kowa ba. Ya huda daɓe, ya ɗaure ƙafafun da ƙusoshi, ya ce wa shugaban asibitin, "Ranka ya daɗe, wannan cire shi sai da injin yanka ƙarfe."

Bencin yana nan, amma benci ba shi da ido. Ku da kuka gaji ɗakin awo, da ku iyaye da kakanni masu saurin cewa nono ne, ku zauna minti biyar ku kalli goshin yaro yana sha. Abin da Inna ta yi ke nan shekara talatin da ɗaya, kuma a kansa aka yi mata gargaɗi sau huɗu.